Yarinyar Da Pawang Leman Bai Karɓa Ba

Akwai wani masunci a ƙauyenmu na bakin teku, nan arewacin Aceh, ana ce masa Pawang Leman, pawang kuwa laƙabin shugaban jirgin masunta ne a wajenmu. Shekara talatin yana fita kamun kifi, kowa ya san shi da kyauta.

Wata Talata da hantsi suna jan taru, sai suka hango wani jirgin katako yana lilo a kan ruwa, injinsa a mace. Cike yake maƙil da 'yan Rohingya masu neman mafaka, yawancinsu mata da yara.

Kafin la'asar jami'ai suka iso da umarni: a kai musu abinci da ruwa, amma kada a sauko da ko mutum ɗaya. Wai ƙasashe uku suna zaman tattauna wacce za ta karɓe su. Duk wanda ya saɓa, a bakin jirginsa. Ma'aikatan agaji suka kafa tantuna a gaɓa, ga magani jibge, su ma suna jiran izini.

Washegari Leman ya loda dafaffiyar shinkafa da jarkokin ruwa ya kai. Yana cikin miƙawa, wata mata ta sunkuyo da yarinya 'yar shekara uku, leɓunanta duk sun tsage, jikinta zafi rau. Ba ya jin yarensu, amma ya gane. Miƙo masa ita take yi.

Har ya ɗaga hannu, sai ya tuna jirginsa da bakuna shida da ke ci daga gare shi. Ya sauke hannun.

"Gobe," ya ce, yana nuna gaɓa. "Manya sun ce gobe."

Ya koma gida. Da ya ba matarsa Rohana labari, ta ajiye ludayi.

"Baban Safrida, yarinyar nan nauyinta nawa ne da jirginka ba zai ɗauka ba?"

"Ke ba ki san hukuma ba."

"Ban santa ba. Amma na yi jinyar yara huɗu, ban ga zazzaɓin da ya jira a gama taro ba."

Da gari ya waye ya koma. Matar na zaune inda ya barta. Yarinyar na kan cinyarta, an lulluɓe ta da zani har kai.

Leman ya matso da jirginsa. Ya ɗaura igiya a goshin nasu jirgin.

Abokinsa Pawang Daud ya kwaɗo masa kira daga nasa jirgin: "Leman, kanka ɗaya? Za su ƙwace jirginka fa!"

"Su ƙwace. Kai dai in tsoro ya bar ka, kama ɗaya gefen."

"Tsoro? Ni da na koya maka ruwa?" Daud ya jefo tasa igiyar.

Wasu masunta uku suka bi sahu, jirage biyar suka jawo su zuwa gaɓa. Matan ƙauye suka shiga ruwa har ƙugu suna karɓar yara. Jami'an suka tsaya kallo, can ɗayansu ya cire takalmi ya shiga shi ma. Mutum casa'in da huɗu aka sauko da su da rai.

Izinin ya iso bayan kwana biyu. Babu wanda ya taɓa jirgin Leman, kuma wannan ne ya fi ci masa rai.

Shi ya haƙa kabarin yarinyar da hannunsa.

Bayan wata biyar aka cimma yarjejeniya, za a kwashe su zuwa wani wuri. Matar, mai suna Anuwara, ta zo gidansa tare da wani tafinta. Leman ya kasa ɗaga kai.

"Ki yafe mini," ya ce.

Ta yi magana, tafinta yana fassarawa.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Sunanta Shofika. Za a tafi da ni, ba ta da kowa a ƙasar nan. Ina so a samu mai kiran sunanta."

Har yau, duk Juma'a in an sauko daga masallaci, za ka ga Leman a maƙabarta yana cire ciyawa a kan ɗan ƙaramin kabarin nan, yana yi wa Shofika addu'a. Anuwara kuwa, ba a sake jin inda ta ƙare ba.

Darasi: Alherin da kake da ikon yi yau, kada ka ɗage shi zuwa gobe don tsoron asara. Wanda ke cikin halaka ba lallai ya kai goben ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda aka miƙa wa hannu yana ta jinkiri.