Yatsu Biyu A Ƙarƙashin Zare

Akwai wani saurayi mai suna Ɗayyabu a wani ƙauye na bakin kogi, tsakanin Mai Wurno da Sinja. Sana'ar gidansu nutso ce.

Masu gonakin ayaba da mangwaro da ke jere a bakin ruwa duk da injin ban ruwa suke aiki, wanda ake kira turumba. Kowace turumba tana da bututu da ya nutse cikin kogi, a bakinsa kuma akwai kwandon waya mai tace shara. In ciyawa da rassa suka toshe kwandon, ruwa ya daina hawa gona, sai a aika a kira mutanen gidan su Ɗayyabu.

Aikin yana da doka tun zamanin kakanni. Mai shiga ruwa yakan tuɓe komai, zobe ne ko laya, ya miƙa wa mai riƙe masa igiya. A shafe masa hannuwa da man riɗi daga kafaɗa zuwa yatsu, don kada waya ta kama shi. A ɗaura masa igiya a ƙugu. Kawunsa Ma'u, wanda ya koya masa aikin bayan rasuwar mahaifinsa, kullum maganarsa ɗaya ce: "Kogi ba ya riƙe baƙo. Kayan baƙo yake riƙewa."

Ɗayyabu ya iya aikinsa, babu mai musu. Amma abu ɗaya yana cin ransa. Allah ya yi shi siriri, wuyan hannunsa kamar na yarinya, har abokai suka laƙaba masa Karan Dawa. Ko a wajen mai shayi ya miƙa hannu ya karɓi kofi, sai abokinsa Almu ya ce, "A hankali, ya zol, mutumina, kada kofin ya karya ka." A yi dariya, shi ma ya yi, amma abin na zaune a zuciyarsa.

Wata rana wansa Lukman, wanda ya daɗe yana aiki a Jidda, ya kira shi a waya.

"Ɗayyabu, zan sai maka agogo. Ba na wasa ba, irin na masu nutso a teku. Ruwa ba ya shigarsa, kuma yana haske cikin duhu. Amma girmansa iri biyu ne. Samo zare ka zagaye wuyan hannunka daidai, ka shimfiɗa shi kan ma'auni, ka turo mini hoto."

Ɗayyabu ya je wurin mahaifiyarsa, Inna Sabuwa, tana ɗinki a kan tabarma. Ta tsinko masa zare. Ya zagaye hannunsa, ya duba tsawon, ransa ya ɓaci. Sai ya juya baya, ya cusa yatsu biyu a ƙarƙashin zaren, ya sake zagayewa.

Inna ba ta ɗago kai daga allura ba, ta ce, "Hannun wa kake aunawa?"

"Nawa mana, Inna."

"Ni na haifi hannun nan. Ban haife shi da yatsu biyu a manne ba."

"Ai don kada ya matse ni."

"To. Wanda ya yi wa awo ƙarya, kansa ya yi wa."

Ya tura hoton a haka.

Bayan babbar salla wani mahajjaci ya kawo saƙon. Akwati ne baƙi mai laushi a ciki. Agogon yana kwance kamar ɗan sarki, fuskarsa shuɗiya, faɗinta ya kusa murfin gwangwanin madara. Maɗaurinsa na ƙarfe ne, gaɓoɓi-gaɓoɓi, da makulli ninki biyu. A gefen akwatin kuma an naɗe wani maɗaurin na baƙar roba.

Da ya ɗaura, agogon ya zame ya faɗo kan bayan hannunsa. In ya ɗaga hannu ya gangara zuwa gwiwar hannu. Kunnuwan agogon, wato inda maɗauri ke kamawa, sun zarce ƙashin hannun hagu da dama. Duk mai ido ya san ba nasa ba ne. Amma Ɗayyabu ya kaɗa hannu, ya ji ƙarfe ya ce kacau, sai ya ji kamar an ƙara masa tsawo.

Lukman ya ga hoto ya ce, "Kai, wannan ya yi maka yawa. Yaya aka yi? Ka kai wa Alhaji Salih a kasuwar Sinja ya rage maka."

Alhaji Salih tsohon mai sayar da agoguna ne da gyaransu. Ɗayyabu ya kai masa agogon a cikin akwatinsa, ya ce wansa ne ya aiko. Ya karɓa ya juya, ya jinjina kai, sannan ya kama hannun Ɗayyabu ya duba.

"Masha Allah, wanka yana sonka. Amma yaro, wannan rigar wani ce. Da a gabana aka saya, ƙaramin zan ba ka. Agogo daidai shi ne wanda kunnuwansa ba su wuce ƙashin hannu ba. Yanzu dai tunda ya zo, bari in cire gaɓoɓi ya zauna."

"In ka cire, zai rinƙa kaɗawa?"

"Kaɗawa? Ƙararrawar akuya ka zo saye? Ɗan yatsa ƙarami kaɗai ya kamata ya shiga ƙarƙashinsa, shi ma da ƙyar. Wai mene ne aikinka?"

"Nutso nake yi. Ina share bakin turumba."

Alhaji ya ajiye abin da ke hannunsa.

"To saurara. Masu wannan agogon suna ɗaura shi kan rigar nutso mai kauri, a ruwan da ake ganin ƙasa. Kai fata tsirara kake shiga, cikin laka da waya. Ruwan sanyi yana tsuke hannu, abin da ke sako-sako a tudu sai ya zama awarwaro a ƙasa. Ni dai shawarata, ka bar shi a tudu. In ka ƙi ji, bari in sa maka na robar nan da ke cikin akwatin. Roba tana manne wa fata, ba abin da zai shiga ƙarƙashinta. In ma ta maƙale, wuƙa za ta yanke ta. Ƙarfe kuwa ba ya jin wuƙa, ba ya jin magiya."

Ɗayyabu ya dubi robar ya taɓe baki. "Alhaji, wannan ai kowane ɗan makaranta yana da irinta. Wa zai san na Jidda ne?"

"Kogi zai sani."

Ya karɓe agogonsa, ko gaɓa ɗaya bai bari an cire ba. Yana fita Alhaji ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

Daga ranar hannun rigar Ɗayyabu na hagu bai sake sauka ba. A wajen mai shayi, ko ba a tambaye shi lokaci ba sai ya faɗa. Sunan Karan Dawa ya mutu, aka koma kiransa Mai Jidda. Almu da kansa yakan roƙa a ba shi ya ɗaura na ɗan lokaci. Ɗayyabu ya jefa agogon cikin randa a gaban mutane, ya ciro shi bai tsaya ba. Ya rufe shi cikin hula a ga koren haskensa. A masallaci ma, in ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai an ji kacau.

Inna Sabuwa ta ci gaba da ɗinkinta. Amma duk sanda ta ji ƙarar nan a zaure, sai allura ta tsaya a hannunta.

Sai damina ta sauka a ƙasar Habasha, inda kogin ya taso, kogi ya cika ya zama ja kamar kunun kanwa, yana ɗauke da kututture da gawar dabbobi. A irin wannan lokaci ne aka aiko da hantsi cewa turumbar wata babbar gonar ayaba ta toshe.

Mutane sun taru a bakin ruwa, har da mai gonar da baƙinsa daga Sinnar. Aka kashe inji. Ɗayyabu ya tuɓe riga, Kawu Ma'u ya ɗaura masa igiya, sannan ya buɗe tafin hannu.

"Kawo."

"Kawu, wannan ai don ruwa aka yi shi."

"Ubanka ya cire zoben aurensa a nan wurin, ya miƙo mini. Kawo."

"Zobe daban. Wannan ana shiga teku da shi, inda kifi ya fi gidanmu girma."

Wani daga cikin baƙin ya ce, "Bar shi mana, tsoho, mu ga ko da gaske ne." Aka yi dariya.

Kawu ya ɗauko kwalbar man riɗi. Ɗayyabu ya miƙa hannun dama aka shafa, ya janye na hagu.

"Zai ɓata ƙarfen."

Kawu Ma'u ya dube shi. Sai ya saki igiyar ta faɗi ƙasa.

"Ban taɓa riƙe wa mai kaya igiya ba, ba kuma zan fara a kan ɗan ɗan'uwana ba."

Ya koma gindin bagaruwa ya tsuguna. Bai tafi gida ba. Almu, wanda bai taɓa riƙe wa kowa igiya ba, ya sunkuya ya ɗauka.

"Je ka, Mai Jidda. In ka girgiza, ni kuma in ja. Ai ba karatu ba ne."

Ɗayyabu ya ja numfashi ya nutse, yana bin bututu da hannu.

A ƙasa babu rana. Duhu ne mai sanyi, ruwa yana tura shi gefe. Abu ɗaya kawai yake gani, koren hasken nan a hannunsa, yana yawo sama da ƙasa. Ya ji agogon ya ƙara sakewa fiye da yadda yake a tudu. Ya tuna fuskar Alhaji Salih, ya kore ta.

Ya kai ga kwandon. Ya fizge ciyawa, ya zare rassa. Saura wani reshe da ya shige ciki ta inda wayar ta yage. Ya cusa hannun hagu ya kamo shi, ya jawo.

Reshen ya fito. Hannun bai fito ba.

Wata waya mai kauri, lanƙwasasshiya kamar ƙugiya, ta shige tsakanin fatarsa da maɗaurin, daidai wurin da yatsun nan biyu suka bari.

Ya laluba makulli da hannun dama. Yatsun cike suke da mai, suna zamewa, makullin kuwa ya juya ya danne jikin waya. Ƙirjinsa ya fara zafi. Da ya natsu ya tura hannun gaba, wataƙila da ta zare. Amma tsoro ya riga hankali. Ya kama igiya ya girgiza.

Kawu Ma'u ya san cewa in igiya ta yi tauri ba a ja, sassautawa ake yi a bi ta. Almu bai sani ba. Ya ja da ƙarfinsa, ya ji nauyi, ya yi ihu, mutane suka kama masa.

A ƙasa Ɗayyabu ya ji ana jan ƙugunsa sama, kogi na riƙe da hannunsa. Maɗaurin ya murɗe ya shige nama. Ƙarfe mai tsada ne, an yi shi don kada ya tsinke, bai kuwa tsinke ba. Ya buɗe baki zai kira Inna, laka ta cika shi. Koren hasken yana nan a gabansa, tsinken agogo yana zagayawa a natse, babu ruwansa.

Sai igiya ta saki. Wani hannu mai kaushi ya biyo ta, ya sauko kafaɗarsa, ya laluba har wuyan hannu. Ya ji wuƙa tana gurzar ƙarfe, tana zamewa, tana sake gurza. Daga nan hannun ya saki wuƙar, ya kama babban yatsansa ya murɗe shi cikin tafi, mai hannun ya dafa ƙafa a bututu ya fizga.

Abin da Ɗayyabu ya sani ke nan.

Ya farka a asibiti a Sinja. Aka gaya masa Kawu ne ya daka wa masu jan igiya tsawa, ya faɗa ruwa da tsufansa. An fito da Ɗayyabu kamar gawa, aka yi ta danna cikinsa. Hannun da ya ƙi a shafa wa mai ya fito ta cikin maɗaurin, amma ya bar fata da jijiya a can.

Raunin ya warke. Yatsun ba su sake damƙar komai ba. Mai nutso kuwa da hannu yake gani. Sana'ar da ta zo daga kakanni ta tsaya a kansa. Kawu Ma'u ma tun daga ranar tari ya kama shi, bai sake shiga ruwa ba.

Da kogi ya janye, masu gonar suka ɗago bututu don gyara. Ga agogon nan rataye a waya, makullinsa a rufe. Aka wanke laka, sai ga shi yana tafiya, lokacinsa daidai. Almu ne ya kawo shi gida, ya ajiye a bakin tabarma, ya fita bai ko zauna ba.

Ɗayyabu ya buɗe baƙin akwatin zai mayar da shi. Maɗaurin roba yana nan a naɗe yadda ya zo daga Jidda, ba a taɓa warware shi ba. Ya daɗe yana kallonsa.

Inna Sabuwa ta tsinko zare. Ta kamo shanyayyen hannun ta ɗora a cinyarta, ta zagaye shi daidai, ta yanke da haƙori. Ta ɗora guntun zaren a kan agogon, ta rufe akwatin.

"Ga awonka," ta ce. "Da ma shi ka tura wa wanka."

Darasi: Abin da ya fi ƙarfin jikinka ba ado ba ne, tarko ne. Ka auna kanka da gaskiya, ka ɗauki daidai da kai, ko agogo ne ko matsayi. Dokar da manya suka kafa wa sana'a, da jinin wani aka rubuta ta, kada ka karya ta don 'yan kallo, domin 'yan kallo ba sa bin ka ƙarƙashin ruwa. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku wannan, tun ba su cusa nasu yatsun a ƙarƙashin zare ba.