Harajin Ƙafa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso jikina.

Ta zo mu ji ta, Inna!

An yi wani Zaki, sarkin dawa, wata shekara ya tara jama'a ya ce ga kasafin bana: za a gyara hanyar rafi, kowa ya kawo gero a biya ma'aikata. Sai Gamsheƙa ma'ajinsa ya fasa kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙafa ke cinye hanya. Kowace ƙafa ta ba da zangarniya guda." Zaki ya yi hamma ya ce an yi.

Kun dai san maciji ba shi da ƙafa ko ɗaya.

To akwai Ƙadandoniya, mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya cike da ɗaki da ɗan rumbu guda. Ta dubi ƙafafunta, ta dubi na yaran. In aka kwashe geron nan, me za su ci kafin kaka?

Ta je wurin Kaza. "Yaya Kaza, ƙafafuna sun fi gerona yawa." Kaza ta ce, "Ni biyu ce, na biya tun jiya. Wa ya aike ki tara su?"

Ta je wurin Akuya. "Gwaggo, ƙafafuna sun fi gerona yawa." Akuya ta ce, "Ni ma huɗun nan da kuka na biya. Allah ya kawo miki mafita."

Ta je wurin Gizo. "Malam Gizo, ƙafafuna sun fi gerona yawa." Gizo ya ce, "Dami guda ladana. In ma'aji ya zo ku zube ku gaishe shi. Talaka dai ba ya ɗagowa sai an gama gaisuwa, ko? To kada ku gama."

Tasalla, sauke hannunki daga tukunyar nan, na safe ne.

Ranar karɓa ta zo. Ga Gamsheƙa, ga dogarai da buhuna. Ƙadandoniya ta zube ta naɗe kamar gammo, yara duk suka naɗe, ƙafafu suka shige ciki. Tana ta addu'a kada wani ya yi atishawa.

"Ranka ya daɗe, ina kwana?"

"Lafiya. Tashi in ga ƙafafunki."

"Ina gajiya? Ina iyali? Yaya sanyin ƙasa?"

"Na ce lafiya! Tashi!"

"Yaya muka ji da jama'a? Yaya saɓar bara, ta fita lafiya?"

Rana ta take. Bayanta ya ƙage, yara na kukan yunwa ƙasa-ƙasa, ita kuwa gaisuwa take kamar ranta zai fita. Dogari ya zungure ta da sanda, ta ƙara ƙanƙamewa.

Sai Gizo ya faɗo tsakiya yana rawar jiki. "Haba ranka ya daɗe! Ba ka gane danginku ba? Dube su, naɗi irin naka sak. Da ciki suke tafiya. In ka karɓa a wurinsu, gobe a ce kai ma ka kawo."

Gamsheƙa ya ja da baya. Ya ce da dogarai, "Ku ƙyale su, marasa ƙafa ne." Sannan ya juyo ya ƙare wa Gizo kallo. "Kai kuwa taka ga su a fili, har takwas. Ku kama shi!"

Gizo ya ce ƙafa me na ci, ya haye rufin ɗaki, ko daminsa bai ɗauka ba. Can yake har yau.

Gero dai ya tsira, yara suka kai kaka. Amma tsoro bai sake ta ba. Ko ku kuka taɓa ta da tsinke sai ta naɗe, tana zaton ma'aji ne ya dawo.

Ku ji ni da kyau, 'ya'yan nan. Duk ranar da manya suka ce a kawo, ku fara duban abin da mai yanka harajin ba shi da shi, don a nan zai ɗora.

Ƙurunƙus kan Gamsheƙa. Ku yi addu'a ku kwanta.