Adireshin da Ya Iso Guntu

An ce wai a Gusau an yi wani Alhaji Mudi mai ɗakin gwajin jini, mutum mai gaggawa, ko shayi ba ya jira ya huce. Ma'aikatansa biyu suka rubuta masa manhaja da harshen kwamfuta mai suna C. Ɓangaren Lauratu shi ke buɗe fayil ɗin sakamakon marasa lafiya, ya miƙa adireshin inda fayil ɗin yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Na Tanimu kuma ya karɓi adireshin ya karanta. Da aka koma sabuwar kwamfuta, sai manhajar ta riƙa mutuwa da zarar an taɓa fayil. Alhaji bai yi wata-wata ba ya ce laifin mai buɗewa ne, Lauratu ta tattara kayanta kafin Juma'a.

Hankalinta ya tashi, ta roƙi a kira Malam Sambo, wanda ya koyar da su duka biyun. Ni dai ban san mai natsuwar dattijon nan ba. Bai zargi kowa ba. Layi biyu kawai ya ƙara a manhajar, ɗaya ya nuna adireshin yayin da yake barin hannun Lauratu, ɗaya yayin da yake isa hannun Tanimu. Lambobi goma sha biyu suka fita, takwas suka iso.

Malam ya ce, "Ita ta miƙa daidai, shi ya karanta abin da aka ba shi. A hanya aka gutsure. Ba a sanar da kwamfaila, wato mai harhaɗa manhajar, cewa adireshi ne ke zuwa ba, sai ta zaci ƙaramar lamba ce ta yanke masa kai. A tsohuwar kwamfuta tsawonsu ɗaya, shi ya sa asiri ya rufu. Amma kwamfaila ba ta yin haka ba gargaɗi. Ina gargaɗin?"

Sai Tanimu ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wallahi ta yi. Alhaji ne ya ce surutun ya cika allo, a kashe shi mu yi sauri."

Malam ya kunna gargaɗin, ga shi nan a layin farko. Ya dubi Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, in korar ce dole, to mun samu mai laifin."

Kunya ta rufe Alhaji. Ya cire hula ya share zufa, ya ce, "Lauratu, ki yafe mini. Koma kujerarki."

Wanda ya rufe bakin mai gargaɗi, ranar ɓarna ya fara bincike daga kansa.