Mahauci da Kwalbar Ɗakin Bincike

Akwai wani mahauci da ake ce wa Tsawa, mutum mai saurin hannu, kafin ka rufe baki ya kai maka mari. Amma fa yana ji da matarsa. Ita kuwa tsargiya ta sa ta gaba, kullum fitsarin jini, duk ta ƙare a tsaye.

Ƙanwarsa tana aiki a ɗakin bincike, inda suke tace sinadari daga ɓawon wani itace don yaƙar tsutsar da ke kawo cutar. Da ya ji an ce sinadarin ya kashe tsutsa a gwaji, sai ya tasar mata har wurin aiki.

Ya ce, "Ba ni kwalbar sinadarin nan."

Ta ce, "Yaya, bai zama magani ba tukuna. Ya kashe tsutsa, amma ɓerayen da muka ba wa duk hantarsu ta lalace. Ka kai ta asibiti, akwai ƙwayar da aka tabbatar."

"Ni za ki koya wa? Tun kina goye nake shan jiƙon itacen nan."

Ta tare ƙofar firijin da kwalbar ke ciki. Ya ɗauke ta da mari, ya hankaɗa ta kan tebur, gilasai suka tarwatse, ɗaya ya tsarge mata hannu. Mai gadi ya shigo da gudu, Tsawa ya rotsa masa kujera a ka. Ya fice da kwalbar, ƙanwar tana bin sa jina-jina tana cewa ɓawo buhu guda aka tace a ciki. Ko waiwayowa bai yi ba.

A gida matar ta shinshina, ta kau da kai. Sai ya ce, "Tsoro kike ji? Bari in fara sha ki gani." Ya kafa kai ya shanye rabi, yana harararta.

Washegari yana birgima a ƙasa yana aman jini, idanunsa sun yi rawaya. Ƙanwar nan, da hannunta a naɗe, ita ta kwashe su su biyu zuwa asibiti. Wallahi abin tausayi, ƙato guda yana riƙe da hannun da ya tsarge yana cewa, "Auta, ki yafe mini."

Ta yafe masa, amma hantar ta riga ta tafi. Matar kuwa ƙwayar asibiti aka ba ta, ta warke sarai tana zaman takabarsa.

Darasi: Kasancewar abu daga itace ya fito bai sa ya zama marar haɗari ba. Ku jira masu bincike su kammala gwaji, ku kai marar lafiya asibiti, kada zafin kai ya hana ku jin gaskiya daga na ƙasa da ku. Ku tura wa 'yan uwa, ƙila ku ceci wani.