Randar da Yalwa Ta Hana Kuka

"Ku matso kusa, ku daina ture-ture. Ga ta nan, ga ta nan a gabanku."

"Ta taho mu ji ta, Kaka."

Wata mata ce a wani ƙauye, sunanta Tabawa, sana'arta ginin tukwane. 'Yarta ɗaya tak, Yalwa. Ran nan sai ciwo ya kama Tabawa, ta ji a jikinta ba na tashi ba ne. Sai ta lallaɓa ta kwaɓa yumɓu, ta gina randa, ta gasa ta, ta kafa ta a gindin tsamiyar tsakar gida.

Ta ce, "Yalwa, ba ni da gona, ba ni da saniya. Ga abin da na bar miki. Kullum da safe ki cika ta."

Kwana bakwai a tsakani, sai Allah ya karɓi abinsa.

Mata suka cika gida. Yalwa ta buɗe baki za ta yi kuka, sai wata ta dafa ta, ta ce, "Kul. Hawayenki wuta ne a jikin uwarki." Sai Yalwa ta haɗiye. Ta haɗiye ranar uku, ta haɗiye ranar bakwai, ta haɗiye ranar arba'in. Kowa yana yabon haƙurinta, ita kuwa ƙirjinta kamar an zuba garwashi.

Sai bazara ta shigo, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Ruwan kowa ya yi ɗumi, na randar Yalwa kuwa sanyi ƙalau. Jikin randar kullum a jiƙe, ruwa yana tsattsafowa yana ɗiga. In ta tsoma moɗa, sai ta ji muryar uwarta daga ciki:

"Ɗis, ɗis, Yalwa 'yata,
Sha ki huce, sha ki huce."

Muryar nan ita kaɗai ta rage mata a duniya. Amma da ta shafa jikin randar ta ji danshi, sai hankalinta ya tashi. Ta ce, "Ashe Inna kuka take yi. Ni na haɗiye nawa, ga nata yana zuba. Wallahi sai na tsayar mata da shi."

Sai ta tafi kasuwa wurin mai man kaɗe. Ta ce, "Baba, randata ce ke zubar da hawaye."

Ya ce, "Shafa mata wannan."

Ta shafa. Ɗigon ya ragu, sanyin ruwan ma ya ragu. Ta tsoma moɗa, muryar ta fito a hankali:

"Ɗis, ɗis, Yalwa 'yata,
Sha ki huce."

Yalwa ta ce a ranta, "Kin ga Inna ta fara yin shiru."

Sai ta koma kasuwa wurin mai ƙaro. Ta ce, "Baba, har yanzu da saura."

Ya ce, "Jiƙa wannan ki shafe ta sama da ƙasa."

Ta shafe ta. Ɗigon ya koma ɗaya-ɗaya, ruwan ya yi ɗumi. Sai da ta sa kunne a bakin randar kafin ta ji:

"Ɗis... Yalwa..."

Ni da ina kusa da na riƙe hannunta. Amma wa zai gaya mata? Masu sayarwa cinikinsu suka sani. Kai Barau, bar jan zanen ƙanwarka ka saurara.

Sai ta tafi wurin mai zuma. Ta ce, "Baba, ɗigo ɗaya ya rage."

Ya ce, "Narka kakin zuma, ki zuba da zafinsa ciki da waje. Ko ɗigo ba za ki ƙara gani ba."

Ta juye ruwan, ta narka kakin, ta shafe randar tas. Ta cika ta. Jikin randa ya bushe ƙayau. Yalwa ta ce, "Yau Inna ta huta." Ta tsoma moɗa, shiru. Ta sake tsomawa, shiru. Ta ce watakila barci take yi.

Rana tsaka sai ga wata tsohuwa, Shekara, wadda a da suke haƙo yumɓu tare da Tabawa. Ta ce, "'Yar nan, ba ni ruwan randar uwarki in sha." Ta kurɓa, sai ta furzar. Ta taɓa jikin randar, ta dubi Yalwa.

"Me kika yi mata?"

"Na tsayar mata da kuka, Iya."

Tsohuwa ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Wayyo 'yar nan. Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Kamar gumin jikinki ne. Wannan zubar ita ce sanyin. Kin toshe ta, zafi ya rasa hanyar fita."

Yalwa ta ce, "Ai ce mini aka yi hawaye na ƙona mamaci."

Tsohuwa ta ce, "Kururuwa da birgima aka hana. Wa ya hana ido zubar da ruwansa?"

Sai Yalwa ta ɗauki tsingaro ta shiga kankara. Ta kankare yau, ta kankare gobe, ta kankare jibi, har yatsunta suka yi jini. Amma kakin da zafinsa ya shiga, ya riga ya cika ƙofofin. Ta cika randar, ta tsoma moɗa, ta kira, "Inna." Ba amsa.

Sai ta rungume randar, ta saki kukan da ta riƙe tun ranar farko. Ta yi ta yi har la'asar. Iska ta taso daga gindin tsamiya, ta bi ta kan jiƙaƙƙiyar fuskarta. Sai ta ji sanyi yana sauka har cikin ƙirjinta.

Ta ce, "Inna, na huce."

Amma randar ba ta ƙara magana ba har abada.

Ƙurunƙus, ga kan kusu nan na ajiye. In kun ga randa tana naso, ku bar ta, aikinta take yi. In kuma kun ga wanda ya yi rashi yana hawaye, kada ku ce masa kul. Ku zauna kusa da shi.