Turken Sarkin Ruwa Barmo

Dalilin da ya sa tafkin nan yake ja da baya, har ku 'ya'yan masunta sai kun yi tafiyar rabin yini kafin ku ga ruwa, shi zan gaya muku. Kai mai dariya, rufe bakinka, wannan labarin ba na dariya ba ne.

A da, ruwa har gindin tsamiyar masallaci yake zuwa. Mata a ƙofar gida suke wanke tukwane, dorina na leƙensu. Giwan ruwa kuwa, sai ƙarti huɗu sun taru suke ɗaga guda.

A lokacin akwai alkawari tsakanin tafki da mutane. Idan ruwa ya fara cika, kifi yakan shige wani lungu mai ciyawa ya yi ƙwai, sai Sarkin Ruwa ya kafa turke mai farin ƙyalle a bakin lungun. Daga turke zuwa ciki ba mai jefa taru sai bayan wata uku. Shi kuma tafki ya ce muddin turken yana tsaye, ba zai bar ƙofar gari ba.

Zamanin Sarkin Ruwa Barmo, sai fara ta cinye gero kaf. Yunwa ta shigo gari, kifi kuma duk ya tattare a bayan turke. Masunta su fita da safe, su dawo hannu rabbana.

Ran nan ƙanwar Barmo, Yalwa, ta zo da jaririyarta wadda ko kuka ba ta iya yi. Ta ce, "Yaya, nonona ya ƙafe. Ga kifi can yana tsalle muna kallo."

Barmo ya ce, "Yalwa, alkawarin kakanni ne. In na cire turken nan, ruwa zai tafi."

Ta ce, "Wa ya ce ka cire? Matsar da shi ciki kawai, taku goma."

Barmo ba mugu ba ne. Tausayi ne ya yi masa yawa, ga kuma ganin ya fi ruwa wayo. Ya shiga ya rungumi turken, ya ja shi a tsaye cikin taɓo, bai bari ya kwanta ba. Ranar gari ya ci ya ƙoshi, kowane kifi cikinsa fal da ƙwai.

Kashegari mutane suka cika masa ƙofar gida. Suka ce, "Sarki, ka matsar don 'yar'uwarka. Mu namu 'ya'yan ba mutane ba ne?" Ya sake shiga ruwa, ya ƙara taku goma. Yau goma, gobe goma, har turke ya kai ƙarshen lungu, babu komai a bayansa sai gaɓa.

Wata safiya mata suka fito da tukwane, suka tarar da taɓo a inda ruwa yake. Barmo ya ruga bakin tafki ya ce, "Ruwa, ina alkawari? Ga turke can a tsaye, ban cire ba!"

Tafki ya ce, "Na gani. Ni ma ban tafi ba, Barmo. Matsawa na yi, taku goma."

Barmo ya ce, "Yunwa ce ta sa mu."

Tafki ya ce, "Da ka zo ka roƙe ni, da na koro muku manyan da suka gama ƙwai. Amma wayo ka yi mini, kuka cinye 'ya'yana tun ba su ga duniya ba."

Barmo ya tumɓuke turken ya kai shi bakin ruwa ya kafa, yana kuka yana ba da haƙuri. Gari ya waye, ruwa ya ƙara taku goma. Haka ya yi ta binsa da turke a kafaɗa har ya tsufa, ya mutu a cikin fako, nesa da gida.

Jaririyar Yalwa kuwa ta rayu. Ita ta haifi kakata, don haka ni ba ni da bakin zagin Barmo. Abin dai yana ci mini rai.

Shi ya sa har yau muke kwashe bukkoki muna bin ruwa, mu matsa ya matsa. Kwalekwalen kakanninmu yana can a kife gindin tsamiya, awaki na kwana a ciki. Turken kuma ba wanda ya san inda ya faɗi, balle a mayar da shi bakin lungu.