A'a ɗin da ta maƙale a hanya

Akwai wani mai shagon kayan waya da na kwamfuta da 'yan layinsu ke kira Sai-an-gwada. Kada ku ɗauka yabo ne, tsokana ce zalla. Mutumin nan ko caja ka zo saya sai ya jona ta a gabanka, ya tsaya yana kallonta kamar mai jiran ruwa ya tafasa.

Maƙwabcinsa kuwa, wanda ake ce wa Yanzu-yanzu, kafin ka gama sallama ya riga ya saka maka kaya a leda. Ba sai na faɗa muku shagon da ya fi cika ba.

Wata rana wani birkila ya shigo wurin Sai-an-gwada. Ƙato ne, siminti ya cinye masa hannuwa sun yi kaushi. Ya rungumo laftof a naɗe cikin tawul, ya ajiye wata 'yar modem, abar jawo intanet, a kan kantar shagon.

"Malam, don Allah duba min wannan abar. Ta haɗa ni da 'yata."

Sai-an-gwada ya yi dariya. "To maigida, ai aikinta ke nan, ta haɗa ku."

"Ba irin wannan haɗin ba. Haɗin faɗa."

Ganin mutumin ba wasa ya kawo shi ba, sai ya jawo masa kujera.

Ashe birkilan yana da 'yar ƙaramar yarinya da aka haifa ba ta ji. Da hannu suke magana tun tana rarrafe. Da ƙyar da jiɓin goshi ya samar mata gurbi a makarantar kurame ta kwana, can wani gari mai nisa, inda ake barin yara su yi kiran bidiyo da iyayensu ranar hutu da yamma. Ƙaninsa ya ba shi laftof, domin mai magana da hannu yana son allo babba, hannuwansa biyu kuma a sake. Modem ɗin kuma a shagon Yanzu-yanzu ya saya.

A kiran ƙarshe yarinyar ta gaya masa ta ɓatar da sababbin takalmanta, ta tambaye shi ko ya yi fushi. Shi kuma ya amsa yadda suka saba. Ya nuna ƙirjinsa, ya murtuƙe fuska alamar fushi, ya nuna ta, sannan ya girgiza kai yana murmushi. Wato ban yi fushi da ke ba.

Jama'a, a nan gizo ya yi saƙa. A can wurin yarinyar hoton ya daskare daidai kan murtuƙaƙƙiyar fuskar da yatsa yana nuna ta. Girgiza kan bai isa ba. Ta daɗe tana kallon ubanta a haka, sannan kiran ya yanke.

"Malamarsu ta yi mata bayani har ta gaji," in ji birkilan. "Yarinyar ta ce ita da idonta ta gani. Kuma ba ta kai karanta saƙo ba tukuna. Yanzu ta ƙi cin abinci, ta ƙi shiga aji. Malama ta ce in ba ta sauya ba bayan kira na gaba, in zo in ɗauke ta. Ga masu jiran gurbin nan a layi."

Ya sunkuyar da kai. "Ni da ko tsawa ban taɓa iya yi mata ba."

Yanzu-yanzu, wanda kunnensa ke shagon tun ɗazu, ya leƙo. "Kayana lafiyarsu lau! A gabansa na kunna, sandunan sabis duk a tsaye. Har fim na saka masa ya kalla, ko tari bai yi ba."

Gaskiya ya faɗa kuwa. Aka jona ta a shagon, ta yi aiki tsaf.

Sai-an-gwada bai yi musu ba. Ya ce wa birkilan, "Maigida, fim zuwa yake yi wurinka. Hannunka kuwa tafiya zai yi wurin yarinya. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kuma ta fitar ce ta fi ƙunci. Kai kana ganinta sarai, ita ba ta ganinka."

Ya juya modem ɗin ya duba bayanta. "Kuma wannan a kulle take da layi ɗaya. In layin bai yi a ɗakinka ba, shi ke nan."

"To sayar min da mai kyau in tafi."

"A nan shagon kowace modem mai kyau ce. Ai ba a nan za ka yi kiran ba. Ka bari ranar kiran in zo gidan da kaina."

Yanzu-yanzu ya ƙyalƙyale da dariya. "Ranar hutu da yamma, lokacin da kasuwa ke ci? Allah ya shirye ka, Sai-an-gwada!"

Ranar na zuwa, mutumin ya ja ƙofar shago ya rufe, masu saye na tsaye suna mita. Ya ɗauki buɗaɗɗiyar modem mai karɓar kowane sim, da sim na kowane layi, da doguwar waya ta ƙari, ya bi birkila.

Gidan yana can ƙarshen lungu, wani dogon bene ya tokare shi ta gaba. Ɗakin da hannunsa birkilan ya gina, bulo a cike, ba tagar kirki sai wata 'yar ƙarama can kusa da silin.

"Maigida, ginin nan ya yi kyau da yawa," in ji Sai-an-gwada. "Ɓarawo ba zai shiga ba, sabis ma haka."

Suka ɗora laftof a kan tebur. Sai-an-gwada ya kira matarsa da ke can gidansa a bidiyo, ya sa birkilan ya riƙa motsa yatsu da sauri, ita kuma tana faɗin abin da take gani.

Layin farko, sanduna a cike fal. Matar ta ce, "Ga shi nan ya tsaya da baki a buɗe." Ashe a wannan lokacin duk unguwar kan layin take, kowa na jan nasa.

Na biyu ko haɗuwa bai yi ba.

Na ukun sandunansa ba su kai rabi ba, har birkilan ya ce a cire shi. Sai-an-gwada ya ce a dai gwada. Ya jona doguwar wayar, ya riƙa zagaya ɗakin da modem a hannu, bakin ƙofa, bayan gado, saman kabad. Da ya hau benci ya miƙa ta jikin 'yar tagar nan ta sama, sai ga muryar matarsa: "Yauwa! Yanzu har ƙumbarsa nake gani."

Wurin dai ba inda za a ajiye ta. Birkilan ya juya zai ɗauko ƙusa da guduma, sai kiran makaranta ya shigo.

"Ɗauka kawai," in ji Sai-an-gwada daga kan benci. "Ni ne ƙusar."

Malama ta bayyana a allo. A gefenta yarinyar na zaune ta juya baya, fuskarta na kallon bango. Ku da kuke ji ba za ku gane nauyin wannan ba. Mai ji ko ya juya baya magana na shiga kunnensa. Kurma in ya kau da ido, ya rufe ƙofa ke nan gaba ɗaya.

Malama ta dafa kafaɗarta. Yarinyar ta ƙi waigowa. Ta sake dafawa. A hankali yarinyar ta waigo, ta rame, idanu sun faɗa.

Wannan karon birkilan da girgiza kai ya fara. Ya yi ta girgiza shi, a'a, a'a, a'a, hawaye na bin gemunsa. Sannan hannuwan nan da ke ɗaga bulo kamar ba komai suka tashi a hankali. Ya nuna takalmi ya yarfar da hannu, wato ba komai ba ne. Ya nuna ta, ya dunƙule hannu biyu ya manna a ƙirjinsa.

Hoton bai tsaya ba. Ko yatsa ɗaya bai ɓace a hanya ba.

Yarinyar ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta sake tambaya. Ya sake amsawa. Sai ta fashe da kuka, kuka na tafiya hannuwanta na tafiya, kamar an buɗe famfo. Labarin takalmi, labarin ƙawarta, labarin wata mage da ke shiga ɗakin kwanansu. Uban yana amsawa, yana dariya, yana share fuska da gwiwar hannu don kada ya katse maganar.

Subhanallah! Sai-an-gwada ya ce tunda yake bai taɓa ganin hira irin wannan ba. Ɗaki tsit, ba ka jin komai sai numfashi da ƙarar yatsu, amma magana ta cika shi har ta yi yawa. Shekara da shekaru yana sayar da 'yar abar nan, bai taɓa tsayawa ya ga abin da take ɗauka ba. Tsigar jikinsa ta tashi, shi ma ya ji ƙwalla.

Hannunsa fa ya fara gajiya. Kafaɗa ta ɗauki zafi. Ya ɗan sassauta kaɗan, sai ya hango hoton na shirin tsinkewa, ya yi maza ya sake miƙewa. Ya canza hannu, ya cije leɓe. Hira kuwa ba ta da niyyar ƙarewa.

Can yarinyar ta nuna bayan ubanta, tana tambayar ƙafafun wa take gani a kan benci. Birkilan ya ɗaga allon sama. Ta ga mutum ya yi ɗage, hannu a silin, gumi sharkaf. Ta tuntsire da dariya, ta ɗaga hannu ɗaya sama ta kumbura kumatu tana kwaikwayonsa.

Malama ta ce, "Malam, ta raɗa maka suna. A wurinsu ba a roƙon suna, su ke bayarwa ga wanda suka ga dama. Daga yau wannan alamar ce sunanka."

Sai yarinyar ta ja rigar malamar, ta kai yatsu bakinta.

Birkilan ya juyo. "Malam, ka gani? Cewa ta yi tana jin yunwa."

Yarinyar ta zauna a makarantarta. Labari kuma ya zaga cikin iyayen yaran. Har yau Yanzu-yanzu bai gane dalilin da ya sa mutane ke wuce shagonsa, su tsaya a ƙofar maƙwabcinsa, su ɗaga hannu sama su kumbura kumatu kafin su yi sallama ba.

Darasi: Kada cikar sanduna ta ruɗe ka, a modem ko a mutum. Gwada abu a inda za ka yi amfani da shi, a lokacin da za ka buƙace shi. Kai kuma mai sana'a, ka yi haƙuri ka saurari wanda ya zo gabanka, domin ba ka san abin da ke rataye a kan ɗan kayan da kake miƙa masa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu shago da iyayen da 'ya'yansu ke nesa.